Kunun Kanwa da Ƙodar Jikana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da yake jarrabar bawa da cuta, sa'an nan Ya buɗe masa ƙofar magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ni dattijo ne mazaunin unguwar Dogo Tebo a Potiskum, ina karantar da manya fiƙihu a zaurena bayan Asuba da bayan La'asar. Ba al'adata ba ce in fitar da zancen cikin gidana waje. Amma jinyar da muka yi wa jikana Jibrin, a shekarun farko bayan an ba mu jiha, ta koya mana abin da ɓoye shi zai zama cin amanar maƙwabta. Shi ya sa na rubuta ta yadda ta faru.

Jibrin, wanda muke kira Jibo, ɗan ɗana Adamu ne, shi kuwa Adamu dillali ne a kasuwar shanu. A lokacin yaron bai wuce shekara takwas ba, siriri ne ƙwarai, baki ya fi jiki. Matata Hajiya, wato kakarsa, tana kiransa Maigida bisa wasan jika da kaka, shi yana ce mata Iya. Ni kuwa Tsoho yake ce mini, yana kuma sanar da duk baƙon da ya shigo cewa aron gidan ya ba ni.

A ƙarshen daminar shekarar nan ƙazuwa ta shiga yaran unguwa. Jibo ya sosa ƙafafunsa har suka yi gyambo suna ruwa. Aka sayo man shafawa a kemis, gyambon ya bushe, muka manta da shi sarai.

Bayan 'yan makonni sai fuskar yaron ta fara cika. Hajiya ce ta fara gani, ta kuwa zo mini da shi har ƙofar zaure tana fara'a.

"Malam, dubi Maigida. Ya fara ajiye kumatu. Wa ya ce girkina ba ya kama jiki?"

Na ce, "Masha Allah. Sabon gero ne ya karɓe shi."

Jibo ya ce, "Tsoho, hassada ce. Kai kullum ci kake, ba a gani."

Haka gida duka ya yi ta murna da kumburi. Ba mu lura ba cewa da safe idanunsa ne suke kumbura har ya riƙa buɗe su da ƙyar, da yamma kuma abin ya sauka ƙafafu, silifansa su ƙi shiga. Mahaifiyarsa Hauwa ce kaɗai ta ga abin da ya tsorata ta: fitsarinsa ya ragu, launinsa ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Kunyar suruki ta hana ta gaya mini. Ta gaya wa Hajiya, Hajiya ta ce zafin ciki ne, zai wuce. Sa'an nan ciwon kai ya zo, amai ya biyo baya.

Wata safiya ina tsakiyar karatu ya shigo zaure yana laluben bango. Ya ce, "Tsoho, ba na ganin ka sosai." Kafin in ajiye littafi ya faɗi yana jijjiga. Cikin ɗalibaina wani ya ce iska ce, wani ya ce a kawo hayaƙi. Na ɗora hannuna a kansa ina karanta abin da Allah Ya hore mini, da ɗaya hannun kuma na yi wa wani ɗalibi nuni ya ruga ya kira Adamu da mota. Malamanmu sun karantar da mu cewa addu'a da neman magani ba sa jiran juna. Lokacin kuwa ana tsananin wahalar man fetur. Sai akori-kurar wani maƙwabci mai jigilar awaki muka samu, a cikinta muka tafi har da Hajiya, ni da rawanina, a kan ragowar harawa.

A asibiti layin yankar kati ya kai bakin ƙofa. Allah Ya saka wa wata ma'aikaciyar jinya da alheri, tana ganin yaron ta karɓe shi daga hannun Adamu ta ce kati ya biyo baya. Likitan da ya duba shi matashi ne, ɗan ƙasar nan, ana jin harshen gidansu a Hausarsa. Bayan an yi allura jijjigar ta lafa, sai ya nemi abin awon jini. Wanda aka kawo na manya ne, ya kusa zagaye damtsen Jibo sau biyu. Ya mayar da shi, ya ciro wani ɗan ƙarami daga jakarsa, wanda daga baya na ji da aljihunsa ya saya. Ya auna, ya saurara, ya sake aunawa.

Ya ce, "Baba Malam, jinin yaron nan ya hau ƙwarai. Shi ya kayar da shi."

Na ce, "Likita, hawan jini ai ciwonmu ne, mu masu iyali da tunani. Wannan me yake tunani?"

Hajiya tana share hawaye ta ce, "Ko cefane ba ya yi mini, wallahi."

Likitan ya yi murmushi, ya ɗaga ƙafar yaron ya nuna mana tabon gyambo. Ya tambaya yaushe ya yi shi, muka gaya masa. Sa'an nan ya yi mana bayani a natse. Ya ce ƙwayar cutar da ke shiga irin wannan gyambo, ko ciwon maƙogwaro, takan sa jikin wani yaron ya tashi yaƙi da ita, yaƙin ya shafi ƙoda bayan gyambon ya warke. Akwai maganarsa guda da ta zauna mini har yau: "Ƙoda ita ce mai tsaron ƙofar ruwa da gishiri. In ta kwanta, su biyun sai su taru a jiki, jini ya hau." Ya ce hawan jinin ƙaramin yaro galibi daga ƙoda yake tasowa, ba daga tunani ba. A da ko a asibiti ba a cika auna jinin yara ba, amma masu bincike a wannan fanni suna ta nuna cewa kuskure ne, shi ya sa shi duk yaron da ya zo masa da kumburi ko jijjiga sai ya auna shi.

Na ce, "Yaran unguwarmu da yawa sun yi ƙazuwar nan. Me ya sa shi kaɗai?"

Ya ce, "Wannan, Baba, ba mu gama sani ba tukuna. Ana kan nema."

Nan zuciyata ta natsu da shi. Na zauna gaban malamai da yawa a rayuwata, kuma waɗanda na fi amfana da su su ne masu iya cewa ba su sani ba.

Ya kwantar da Jibo a ɗakin yara, ya kafa sharuɗɗa. Kada gishiri ya shiga bakinsa, kada dunƙulen kanti ya shiga miyarsa. Ruwan sha da kofi za a auna masa. Fitsarinsa kuma a tara a kwalba a nuna kowace safiya. Na tambaye shi hukuncin rubutun sha, domin abokaina malamai sun riga sun fara aiko da shi a kwalabe. Ya ce shi bai hana ba, amma ruwan rubutu ma ruwa ne, sai ya shiga lissafin kofi. Na ga wannan fatawa ce mai kyau. Na riƙa wanke allo da ɗan ruwan da bai fi cikin cokali biyu ba. Sauran kwalaben kuwa na shanye abina, ban taɓa jin ƙarfi irin na makon nan ba.

Makon farko ya tafi a kan allura da ƙwayoyi. Yawancin magungunan babu su a asibitin, sai a rubuta, Adamu ya bi kemis-kemis a ƙafa. Awon fitsari ma wata rana sai a ce kayan aikin sun ƙare, a dawo gobe. Maraƙin da Adamu yake kiwo don kansa a nan ya tafi. Likita ɗaya ne a kan ɗaki cike da yara, uwaye suna kwana a ƙasa tsakanin gadaje. Wannan abin kuka ne, kuma ina kai kukan ga masu iko. Amma ma'aikatan da muka tarar ba su taɓa ɗaga mana murya ba, ko da 'yan dubiyarmu suka cika baranda.

'Yan dubiya kuwa kowa da kwanonsa, kowa da ilminsa. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce a yi ƙaho a zuƙe ruwan. Ƙanwata da ke aure a Mamudo ta zo da kaza soyayya, da aka ce ba zai ci ba ta yi fushi ta ce, "Yaya Malam, yaro yana kwance a hana shi abinci mai daɗi, wannan asibiti ne ko gidan yari?" Muka ba ta haƙuri, kazar kuma ba ta yi asara ba.

Babbar wahalar ita ce ta ci. Hajiya da kanta ta ɗauke gishirin gidan ta kulle a adakarta, ita take girka abincin Jibo a tukunya dabam. Amma da ya kai loma baki sai ya ture kwanon.

"Iya, wannan ba miya ba ce. Ruwan wankin tukunya ne."

"Ci mana, Maigida, don Allah."

"In haka za ki riƙa yi mini girki, na bar wa Tsoho ke."

Abu ɗaya kaɗai yake karɓa da hannu biyu, shi ne kunun da take dama masa safe da yamma. Muka yi ta hamdala da aka sami abin da yake sha. Muna auna shi da kofi yadda aka ce, muna ganin mun cika sharaɗi.

A mako na biyu jijjiga ba ta dawo ba, idonsa ya washe, amma kumburin ya ƙi sauka. Da ƙarfin magani ya sake shi sai jinin ya sake hawa. Wani yaro da ke gadon kusa da mu, mai irin ciwonsa, wanda ma ya zo bayanmu, ya saɓe ya tafi gida. Likita ya kira mu gefe, ni da Hajiya da Adamu. Wannan karon babu murmushi a fuskarsa.

Ya ce, "Irin wannan ciwo yawanci yakan fara sauka zuwa yanzu. In mako ya ƙare bai sauka ba, sai ku tafi Maiduguri. Jini in ya daɗe a sama yakan taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa, ita ƙodar ma yana ƙara mata rauni. Amma kafin nan ina so in tabbata. Akwai mai ba shi gishiri a ɓoye?"

Hajiya ta dafe ƙirji. "Ɗan nan, makullin gishirin yana nan ɗaure a bakin zanena. Ko uwarsa ba ta isa ta taɓa ba."

"Na yarda, Hajiya. To ki lissafa mini duk abin da yake shiga bakinsa daga safe zuwa dare."

"Me yake ci? Ba ya cin komai. Tuwo loma biyu. Sai kununsa."

"Wane irin kunu?"

"Na kanwa mana. Da me ake jinya in ba kunun kanwa ba? Shi na sha a jegon ubansa. Har jar kanwa nake ɗan ƙara masa, don ta wanke masa mara fitsarin ya zo. Miyar ma da na ga ba gishiri, sai nake ɗan sake mata hannu da kanwa ko ta yi ɗanɗano."

Likita ya dafe goshinsa. Can ya ce, "Hajiya, kanwa da gishiri ai 'yan ɗaki ɗaya ne. Abin da muke gudu a cikin gishiri yana nan cikin kanwa."

Hajiya ba ta karɓa ba. Ta ce gishiri na teku ne ko na Bilma, kanwa kuwa magani ce tun kakanni, ita ba ta taɓa jin wanda kanwa ta kumbura ba. Likita ya sake bayani, ta sake girgiza kai. Ni kaina, in faɗi gaskiya, hujjar ba ta gama shiga ta ba.

Sai Adamu ya tafa hannu ya yi salati.

"Iya, wallahi gaskiyarsa. Mu a kasuwa ai mun sani. Akwai masu ba saniya kanwa ta lasa ana gobe kasuwa. Sai ƙishi ya kama ta, ta yi ta shan ruwa, da safe ka gan ta ta cika tam kamar mai ƙiba. Mai saye ya kai ta gida, bayan kwana biyu ta zube ta koma ƙashi."

Hajiya ta dube shi, ta juya ta dubi Jibo can a kan gado da kumatunsa. Ta ce, "Au! Ashe ni kiwon Maigida nake yi in kai shi kasuwa?"

Dariya ta kuɓuce mana duka, har da likita. Amma ita dariyar tata ba ta yi nisa ba ta juye kuka. Ta zauna a bakin baranda ta rufe fuska da mayafi tana cewa da hannunta ta so kashe jikanta. Likitan nan ya durƙusa gabanta kamar ɗanta.

Ya ce, "Hajiya, ke abin da aka gaya miki kin kiyaye fiye da kowa. Ni ne na ce gishiri ban ce kanwa ba, alhali ni ma da kunun kanwa aka raine ni. Daga yau duk uwar da zan yi wa wannan bayani sai na ambace ta da sunanta. Misalin saniyar nan ma na ara."

Adamu ya ce, "A ba ni la'adata dai, Likita."

Daga ranar aka ɗauke kanwa. Sai wata sabuwar fitina ta taso: an raba Jibo da abu ɗayan da yake sha, ya kuwa rufe bakinsa. Aka dama kunun tsamiya, ya kau da kai. Aka yi tuwo da miyar kuɓewa ba gishiri ba kanwa, ya ce a kai wa awaki. Maganin da yake sha kuma yana son abinci a ciki.

Na duba na ga abin da ke ci masa rai ba rashin ɗanɗano kaɗai ba ne. Yaron da ya tashi yana cin abinci a kwano ɗaya da 'yan uwansa, yau an ware masa nasa shi kaɗai, yana jin ƙamshin na kowa. Sai na ce a shimfiɗa mini tabarma a gefen gadon, a zuba mana tare. Na wanke hannu na yi bismilla.

Na ce, "Abokina, gasa za mu yi. Wanda ya fara ɓata fuska ya sha kaye, kuma Iya ta mai nasara ce."

Ya harare ni, ya sauko. Na kai loma ta farko. Allah Shi ne shaida, a duk tafiye-tafiyena na neman ilmi ban taɓa cin abu salam irin wannan ba. Na daure na haɗiye ina murmushi.

"Tsoho, gemunka yana rawa."

"Daɗi ne ya motsa shi."

Ya yi dariya ya kai tasa lomar, don kada a ce Tsoho ya fi shi. Haka muka cinye kwanon muna tsare fuskar juna, uwayen da ke ɗakin suna yi mana alƙalanci. Daga nan kowane cin abinci ina wurin. Na mayar da karatun La'asar hannun babban ɗalibina. Hajiya kuma ta shiga dabaru, tana ƙara albasa da tafarnuwa da ɗan lemun tsami, har abin ya fara ciyuwa.

Kafin makon ya fita kwalbar fitsari ta fara cika, launinsa yana washewa. Hauwa, wadda kunya ta hana ta yi mini zancen fitsari a gida, ita ce yanzu take tare ni a baranda da kwalba a hannu tana cewa, "Baba, duba na yau!" Kumatun nan suka zube, Jibo ya koma siririnsa, kuma ba mu taɓa murna da rama irin ta wannan karon ba. Likita ya auna da ɗan abin awonsa ya ce maganar Maiduguri ta faɗi. A mako na uku aka sallame mu, da sharaɗin mu ci gaba da kiyaye bakinsa, mu kuma riƙa dawowa awo.

A gida Hajiya ta yanke hukunci cewa ba za ta ɗora tukunya biyu ba, kowa ya ci abin da Maigida yake ci. Watanni muka yi a haka. Adamu ne kaɗai ya riƙa saɓa doka, yana tsayawa wajen mai tsire a tasha kafin ya shigo, sai Jibo ya shinshina hannunsa ya kai ƙara wurin Iya.

Nasihata ga iyaye ita ce wannan. In fuskar yaro ta cika farat ɗaya, musamman da safe, kada a yi gaggawar yi wa mai girki barka. A dubi fitsarinsa, surukai kuma su ajiye kunya su faɗa. Gyambon ƙazuwa da ciwon maƙogwaro a nema musu magani na sosai. In an je asibiti a roƙa a auna jinin yaron, da abin awo daidai hannunsa. In kuma likita ya hana gishiri, to a tambaye shi kowane abu da ke shiga tukunya, ɗaya bayan ɗaya, kada a bar kanwa.

Ranar awonmu na ƙarshe likita ya daɗe yana duban sakamakon. Sa'an nan ya ce ƙodar ta koma aikinta, jinin ya zauna, a riƙa kawo shi dubawa lokaci-lokaci, kuma ana iya sa masa gishiri kaɗan. Hajiya ta sa shi ya maimaita kalmar nan ta ƙarshe, ta kuma tambaya kaɗan ɗin na yatsa biyu ne ko uku.

Da yamma ta yi miyar kuka, ta sa gishiri da yatsa biyu. Gida duka aka taru a tsakar gida ana kallon Jibo. Ya kai loma, ya tauna a hankali, ya yamutsa fuska.

"Iya, kin cika gishiri."

Hajiya ta ɗaga muciya. "Tashi ka ba ni wuri, ja'iri! Malam, ka ji shi ko? Ɗanɗana ka gaya masa gaskiya."

Na ɗanɗana. Na dubi Hajiya, na dubi muciyar da ke hannunta, na tuna cewa shaida amana ce.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Yaron nan ya fi ki gaskiya."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da mafificin alheri, Ya ƙara wa masu binciken cututtukan yara basira. Amin.